Sulken Akori-kurar Dantong

Duk wanda ya zauna a unguwar Congo-Russia ta Jos cikin 'yan shekarun nan ya san motar Dantong, ko da bai san Dantong ba. Ni kuwa na san su duka biyun fiye da yadda nake so, domin katanga ɗaya ce tsakanin shagon ɗinkina da tsakar gidansa, kuma rabin katangar nan saboda motar aka rushe shi.

Dantong Mwadkon mutumin Birom ne, gajere mai faɗin kafaɗa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan ma'aikatan gwamnati, har ya yi ritaya bai taɓa goge ko madubin gefe ba. Abin alfaharinsa ke nan, kuma ina jin ciwonsa ke nan. In zai zauna a benci sai ya girgiza shi tukuna. In zai sha ruwan leda sai ya ɗaga shi sama ya leƙa cikinsa. Da lema yake zuwa coci ko da rani ne. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba, wannan aikin ya bar wa matarsa Roseline, wadda ke sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada. Ita 'yar Angas ce, shi ya sa Hausa ake yi a gidan, shi ya sa kuma babu abin da ke wuce kunnena.

Mahaifiyarsa, Ngo Yael, daga ƙauyensu ta zo, can bayan Riyom cikin duwatsu. Ngo shi ne yadda Birom ke kiran uwa, mu ma duk unguwa haka muka kama kiranta. Da zani biyu a leda ta zo a duba mata ido, da niyyar ta koma kafin kajinta su gane ba ta nan. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba, gani zai riƙa tsukewa daga gefe har wata rana ya rufe. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ce to, a mayar da ita gida ta ƙare wa wurinta kallo tun da sauran ido: itacen atilin da aka binne mijinta a gindinsa, da shingen ƙyaranar da ta dasa da hannunta, da gonar acca ta bayan dutse.

Hanyar ƙauyen ba ta mota ba ce, 'yan acaɓa ne kawai ke shiga. Roseline ta ce to ai shi ke nan, a samo mai mashin mai hankali. Dantong ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Ngo, ba zan ɗora ki a bayan mashin kamar buhun dankali ba. Ni da kaina zan kai ki, a motata."

A lokacin ba shi da mota. Ya je gwanjo ya samo wata tsohuwar akori-kura mai jan ƙafa huɗu, irin wadda aka yi don shiga daji. Ya ce sai ya gwada hanyar shi kaɗai tukuna. Bai kai rabi ba wani dutse ya tsaga tukunyar man da ke ƙarƙashin inji, baƙin mai ya tsiyaye ƙasa, aka jawo shi gida da igiya. Sai ya yanke shawara a sa wa cikin motar farantin ƙarfe daga ƙasa, yadda dutse zai daki ƙarfe ya bar inji. Wannan magana ce ta mai hankali, ni kaina na ce masa haka.

Inda aka samu matsala shi ne wanda ya kira. Baba Adigun mai walda, Bayarabe ne da ya zo Jos tun yana saurayi, rumfarsa tana Dutse Uku. Gwani ne, ba na ƙwace masa wannan. Amma akwai abu biyu da Dantong bai tambaya ba. Na farko, Baba Adigun bai taɓa yi wa mota walda ba, aikinsa ƙofofin gida ne da ƙarafunan taga da kujerar tankin ruwa. Na biyu, yana da ciwon baya da tumbin da ya raba shi da ganin yatsun ƙafarsa tuntuni. Ba ya kwanciya a ƙarƙashin komai.

Da yake Dantong ba zai bar motarsa ta kwana a waje ba, Baba Adigun ne ya kwaso injinsa ya kafa a tsakar gidan. Ya zagaya motar, ya ɗan sunkuya kaɗan, ya yi nishi, ya miƙe.

"Oga Dantong," in ji shi, "ciki ba shi ne na farko ba. Gaya mini, mota da wane gefe yake tafiya?"

"Da gaba."

"To wahala da wane gefe zai fara gamuwa? Ka ce saniya ya fito daga kwana. Saniya zai shiga ƙarƙashi ya nemi ciki, abi?"

Na ga fuskar Dantong ta sauya. Ba a taɓa ba shi sabon abin tsoro ya ƙi karɓa ba.

Aka yi dace, in ji Baba Adigun, yana da ƙarfen da ya dace a ajiye. Wani babban mutum a Rayfield ya sa shi ƙera ƙofar gida, da aka gama ya ƙi karɓa, wai zakuna biyun da ke jiki sun yi kama da kyanwa mai mura. Ƙofar nan aka rage wa tsawo aka liƙa a goshin akori-kura, da zakunanta, da furanninta, da tsinayen mashi masu ruwan zinariya a sama. Har ƙaramar ƙofar da mutum ke shiga in babbar tana rufe aka bar ta, Baba Adigun ya ce ta nan za a riƙa duba ruwan lagireto. Ya sa mata kwaɗo, domin shi bai san yadda ake gama aiki babu kwaɗo ba.

Ngo Yael tana zaune a 'yar kujerarta bakin ɗaki tana tsince tsakuwa a acca. Ta ce, "Dantong, yaushe?"

Ya ce, "Saura ciki, Ngo."

Da aka fito da motar gwaji, aka taka birki, sai ta yi sujada. Gaba ya yi nauyi, tayoyin baya suka ɗaga suna neman ƙasa. Baba Adigun ya ce ai dole, ba a sa wa gida ƙofar gaba a bar bayansa a buɗe. Aka ƙera keji a bayan motar, da rufi da sakata, nauyi ya daidaita.

Kafin nan tsakar gidan Dantong ta zama majalisa. Inda duk ake walda sai marasa aikin yi sun taru, kuma kowa ya zo da hatsarinsa a baki. Wani Fidelis mai Keke Napep ya ce shi duk motar da ya taɓa gogewa ta gefe ya goge ta, bai taɓa shiga ƙarƙashin kowa ba. Aka sa wa gefe biyu bututun rijiyar burtsatse. Damina ta zo, aka yi ƙanƙarar nan tamu mai huda kwanon ɗaki, Dantong ya tsaya a baranda yana kallon yadda take dukan rufin motar kamar a kansa take sauka. Washegari aka ɗora kujerar tankin ruwa a sama aka shimfiɗa mata ƙarfe. Kowane sabon tsoro ya zo sai ya tsallake layi ya wuce gaban ciki. Na lura kuma, duk tsoron da Baba Adigun ya amince da shi, tsoro ne da za a iya maganinsa a tsaye.

Ni abin da ya fara haɗa ni da su wuta ce. Da zarar Baba Adigun ya ɗosa sandar waldarsa, ƙwan fitilar shagona ya koma ja, keken ɗinki ya yi gurnani ya tsaya a tsakiyar wuyan riga. Na yi kakar Kirsimeti da ƙafa nake taka keke kamar zamanin kakana. Na haƙura, saboda tsohuwar.

Sai aka zo kan gilashi. Dantong ya ce tayar wata mota tana iya harbo tsakuwa. Aka sa wa tagogi ƙarfen hana ɓarawo, mai zanen zuciya. Fidelis ya ce tsakuwa ai tana iya bi ta tsakiyar zuciyar. Aka ƙara raga. Gefen da Ngo za ta zauna kuwa Dantong ya ce a ninka komai, aka toshe tagar da farantin ƙarfe gaba ɗaya, aka bar 'yar kafa mai marfi wadda hannu ba zai shiga ba. Gilashin gaba aka rage shi ya koma tsaga, daidai idon direba.

Nauyi ya kwantar da sifirin, motar ta zauna daɓas, cikin nan da ba a rufe ba ya ƙara kusantar ƙasa. Aka nemo sifirin tifa. Sifirin tifa ya nemi manyan tayoyi. Manyan tayoyi suka ce ƙofar gidan ta yi musu kaɗan. Ina cikin yanka shadda wata safiya na ji guduma a bayana, na waiga, sai ga hasken rana ta inda kalandata take rataye.

Ranar na fita da almakashi a hannu. Na ce, "Dantong, uwarka za ka kai gida ko kuɗin banki za ka yi wa rakiya? Ka zo neman faranti ɗaya, ga shi ka gina ofishin 'yan sanda mai taya! Wace saniya ce ke jiranka? Wace ƙanƙara? Kai ba ka da ido ne?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam Tela, katanga zan gyara maka. Amma ka gane, ita kaɗai ta rage mini. Na ɗauki 'yan wasu shekara da shekaru ban zubar da kowa ba. In na ɗauki nawa, abu ya same ta a hannuna, ina zan sa kaina?" Idonsa ya kawo ruwa. Na so in mare shi, na kuma so in rungume shi, na rasa wanda zan fara, na koma shago.

Ita kuwa Ngo Yael, ta daina tsince acca. Ta ce accar birni ba ta da tsakuwa, alhali muna jin ta a haƙori. Wata rana ta biyo ta ɓarakar katanga ta shigo shagona, ta tsaya gaban gunkin da nake rataya riguna, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi iyali. Da na yi magana daga ɗaya gefen, ta juyo ta yi dariya ta ce baƙon nawa ba shi da fara'a. Na ce Ngo, idon ne? Ta ce a'a.

"Idona lafiya lau, ɗana. Garinku ne duhu. Gida a kan gida, kun tare rana. Bari in je gida ka gani, hasken can daban ne."

Tun ana jin "Dantong, yaushe?" kullum, har ya koma ranar Lahadi kawai in an dawo coci. Amsar dai ba ta sauya ba. Kajin Roseline suka samu kejin baya suka fara ƙwai a ciki. Yaran unguwa suka sa wa motar suna Gidan Yari. Wata mata daga Angwan Rukuba ta zo takanas ta tambaya ko ana ba da hayarta don kai lefe. Aka girbe acca a ƙauye, aka sake shukawa, aka sake girbewa, muna jin labari a bakin masu zuwa gaishe da tsohuwar.

Roseline ce ta kawo ƙarshen abin. Ta dawo kasuwa ta tarar Ngo tana zuba shayi a kan tebur, kofin yana gefe, tana murmushi tana jiran ya cika. Ba ta ajiye jakarta ba ta fita, sai ga ta da ɗan acaɓa har tsakar gida.

"Baban Klaudiya," ta ce wa mijinta, da sunan 'yarsu ta fari take kiransa, "yau Ngo za ta tafi. Ni zan hau bayanta in riƙe ta. Kai ka zauna ka auri ƙarfenka."

Dantong ya kwanta a gaban mashin, dattijo da furfurarsa, ya ce sai dai a bi ta kansa. Ɗan acaɓa ya ce shi fa ba a gaya masa da gawa a aikin ba. Roseline ta juya kan Baba Adigun.

"Baba, da girmanka. Cikin nan, yau za ka yi shi ko sai na kwantar da kai da hannuna?"

"Madam, bayana..."

"To tsaya a tsaye. Fidelis, kawo diga!"

'Yan majalisa da suka shekara suna ba da shawara, ranar suka yi gumi. Aka haƙa rami a tsakar gida daidai tsawon Baba Adigun, aka zura shi ciki, aka turo motar bisa kansa. Farantin kuwa murfin sokawe ne mai kauri da ke jingine a rumfarsa tun ba yau ba. Ya ɗaga hannu ya yi waldarsa a tsaye kamar mai gyaran silin. An fara bayan azahar, kafin a kira la'asar an gama. Na ɗinka kaftanin da ya fi wannan cin lokaci. Na tsaya bakin ramin ina kallo cike da baƙin ciki.

Ranar Asabar da safe muka kama hanya. Roseline ta ce in zo, tana son wanda zai taya ta ihu in mijinta ya ce zai juya. Ni da ita da kular gwate, faten nan namu na Jos, muka shiga kejin baya, Baba Adigun ya sa mana sakata ta waje don al'ada. Ngo Yael aka shigar da ita gaba, aka kewaye ta da matasan kai, Dantong ya kifa mata hular kwano irin ta masu mashin, ya ɗaure igiyar a haɓarta. Ta ce ko yaƙi za a je. Ya rufe ƙofar, ya bi kwaɗunan ɗaya bayan ɗaya yana ja yana tabbatarwa.

Tafiya dai an yi ta. Kafin Bukuru wani mai keke ɗauke da rake ya wuce mu, ya tsaya ya sha ruwa, ya sake wuce mu yana ɗaga hannu. Masu tallar ayaba suka biyo mu da gudu, suka ga ba sai sun yi gudu ba, suka koma tafiya, suka rasa ta inda za su miƙa, suka haƙura. A wani shingen bincike jami'in ya zagaya motar yana neman fuskar da zai yi wa magana. Da ya rasa, ya je gaba tsakanin zakunan nan, ya ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofar ya ce, "Salamu alaikum, masu gida suna nan?" Da ya leƙo baya ya gan mu a keji, ya tambayi laifin da muka yi. Roseline ta ce aure.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga duwatsu, dole in faɗi gaskiya: komai ya yi aiki. Dutse ya daki murfin sokawe ya yi ƙara kamar ƙararrawar coci, inji ko a jikinsa. Ƙaya ta goga bututun gefe ta karye. Har saniyar ma ta fito daga kwana, ta yi ido huɗu da zakunan Baba Adigun, ta juya ta shige gona. Ina jin Dantong ta cikin ƙarfe yana rera waƙar coci. Motar ta hau, ta gangara, ta ratsa rafi, ba ta yi ko tari ba.

Rana tana tsaka muka tsaya. Mutanen ƙauye suka fito, suka tsaya nesa tukuna, sai da suka ji muryar Dantong suka matso, wata mata ta zare mana sakata. Na sauko ina miƙe baya, na duba. Wallahi wurin ya cancanci a yi kewarsa. Ga shingen ƙyarana ya fi mutum tsawo, kore shar. Ga itacen atili ya yi rumfa, da ɗan tudun kabari a gindinsa an share shi fes. Can baya acca ta nuna, iska tana kaɗa ta har gindin dutse. Ko gajimare babu a sama.

Dantong ya zagayo yana kaɗa makullai, fuskarsa kamar ta ango. Ya bi kwaɗunan ya buɗe, ya ja ƙofar nan mai nauyi har ƙarshenta, rana ta faɗa kan cinyar tsohuwar. Ya kwance mata hular kwano, ya janye matasan kai.

"Ngo, mun iso. Ko ƙwarzane babu."

Ta ɗaga hanci ta ja numfashi. "Na ji. Accar maƙwabcina ce wannan, bai girbe da wuri ba, halinsa." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta juyo da fuskarta sosai wajen ƙofar da ke buɗe, wajen atilin, idanunta a buɗe. Ta ɗan jira.

"To, cire ƙarfen in gani."

Roseline ta toshe bakinta da gefen zani. Matan da suka fara guɗa suka katse ta. Dantong ya dubi ƙofar da ke hannunsa, ya dubi uwarsa.

"Ngo..."

"Na gefena ɗin nan, wanda ka ce a ninka. Ka yi ƙoƙari, ɗana, ya tsare ni, babu abin da ya taɓa ni. Yanzu cire shi haka nan."

Ya zura makullan a aljihu. Sannan ya sunkuya bayan kujera ya zaro guduma. Ya tafi gaban motar inda ba za ta ji numfashinsa ba, ya ɗaga ya sauke a kan ƙarfe, ya sake ɗagawa, hawaye yana bin haɓarsa.

"Ina cirewa, Ngo," ya ce da ƙarfi. "Walda ne, ya kama sosai."

Ta haɗa hannuwanta a kan cinya, ta gyara zama.

"Yi a hankali kar ka ji ciwo," in ji ta. "Ina jira."